Yadda Citta Ta Sami Yatsu

Dalilin da ya sa citta take da yatsu, take kuma da zafi a baki alhali ba ta taɓa ganin wuta ba, labari ne da ba kowa ke son bayarwa ba, don babu abin dariya a cikinsa. Amma tunda kun ga ana daka ta ana dafa wa yayarku mai ciki, kun kuma dame ni da tambaya, to ku matso. Ku ɗauki guda ɗaya ku duba tukuna. Kun ga yadda ta yi 'yan rassa gajeru, wani a karkace, wani kamar an gutsure shi? Da can ba haka take ba.

A zamanin da ƙasa ba ta daina magana da mutane ba, citta dunƙulalliya ce sumul kamar ƙwan zabo. Ba ƙamshi, ba yaji. In ka tauna ta salam za ka ji, ko akuya ta tono ta sai ta shinshina ta wuce. Tana fitowa ne a gefen wani ramin yumɓu da ke bayan wani ƙauye da ake kira Tudun Kasko, ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya kula da ita.

A ƙauyen nan akwai wata maginiyar tukwane, sunanta Marka. Shekara arba'in ta yi tana ɗibar yumɓu a wannan rami, tana gina tulu da randa da kaskon tuya, tana gasawa a bayan gidanta. Tafin hannunta ya yi kanta har tana ɗauko tukunya daga cikin toka da zafinta ba tare da tsumma ba. Matan ƙauyen sukan ce hannun Marka ya sha wuta ya ƙoshi, don ko a ruwan randa ta tsoma shi sai ruwan ya yi ɗumi.

Haihuwarta bakwai. Shida ta binne, wasu tun ba a yi suna ba, ɗaya kuwa har ya fara tafiya. Da ta haifi ta bakwai, mace, sai aka sa mata Ayashe, wato a yi kamar ba a so, ko mutuwa za ta raina ta ta wuce. Ta kuwa wuce. Mijin Marka ne bai daɗe ba ya bi sauran 'ya'yansa, ya bar su su biyu a gida. Ayashe ta girma, ta auri wani manomi mai suna Nomau a unguwar da ke ƙetaren rafi, mutum mai sanyin hali wanda bai cika magana ba.

A damina ta biyu da auren, Ayashe ta sami ciki. Marka ba ta nuna murna a gaban mutane ba, amma ranar da labari ya iso mata, sai da ta gina wani ɗan kasko na wankan jariri ta ɓoye a ƙarƙashin rumbu.

Laulayi ya fara kamar na kowa. Kumallo da safe, tara yawu, ƙin warin daddawa. Kowa ya ce zai wuce. Bai wuce ba. Sati uku da farawa, tuwo ya daina zama a cikinta. Aka koma kunu, kunu ya ƙi. Aka koma farau-farau, shi ma yadda ya shiga haka yake fitowa. Wata rana da hantsi sai ga Nomau ya goyo ta a baya ya ƙetaro rafi da ita, ya durƙusa a ƙofar gidan Marka, kansa a ƙasa.

Ya ce, "Inna, na kawo ta. Abin ya fi ƙarfina."

Marka ta dubi 'yarta. Idanu sun faɗa, leɓe ya tsattsage, wuya kamar sillen kara. Ta karɓe ta ta kwantar a ɗakinta.

Duk abin da mata suka sani sai da Marka ta gwada. Ta jiƙa tsamiya ta tace ta ba ta. Ta yanka lemun tsami ta ce ta riƙa shinshinawa tana lasa. Ta sa mata kanumfari a ƙarƙashin harshe. Ta nemo ɗata mai ɗaci, ta dafa yakuwa ba mai ba gishiri, ta gasa gero ta ce ta tauna busasshe kafin ta ɗaga kai daga matashi. Wani ya zauna na ɗan lokaci, har Marka ta fara sakin numfashi, sai ta ji 'yar tana laluben kaskon amai.

Akwai ungozomar ƙauyen, wata tsohuwa mai suna Tabawa, wadda ita ce ta yanke cibiyar Ayashe. Ta zo ta ja fatar hannun yarinyar ta saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ta fito tsakar gida ta yafito Marka.

Ta ce, "Ba zan ɓoye miki ba. Jikin nan ba ruwa. In ba a sami abin da ya zauna a cikinta daga yau zuwa jibi ba, ita da abin da ke cikin duka za su tafi."

Marka ta ce, "Me ya rage ban yi ba?"

Tabawa ta ce, "Wasu masu cikin sukan so farar ƙasa. Ki samo mata ta tsotsa. Ban ce magani ba ce, amma ya fi zama."

Washegari da rana ta ɗan ɗaga, Marka ta ɗauki ƙoƙo ta nufi ramin yumɓu, don ta san inda farar ƙasa take a gefensa. Ta durƙusa tana tono da yatsunta. Tun ranar da aka kawo Ayashe ba ta yi kuka ba, sai a nan, inda ba mai ganinta. Tana tono tana magana ita kaɗai.

Ta ce, "Ke Ƙasa, shida kika haɗiye mini da ubansu, ko ɗaya ba ki amayar ba. Ita kuwa 'yata ko ruwa ludayi guda cikinta ya ƙi riƙewa. Wane irin rabo ne wannan?"

Sai ta ji an amsa daga cikin ramin, da wata murya mai kauri kamar ana magana a cikin randa.

"Maginiya, ban je gidanki na ɗauko kowa ba. Kawo mini su aka yi, na riƙe."

Marka ta san wadda ke magana. A wancan zamani ba abin gudu ba ne, sai dai ba kowa Ƙasa ke tanka wa ba. Ta goge fuska da gefen zane.

Ta ce, "To ki sam wa 'yata kaɗan daga abin da ke sa cikinki yake riƙe abu."

Ƙasa ta ce, "Ɗumi ne. Cikin 'yarki ya yi sanyi, shi ya sa ba ya karɓar komai. Ni kuwa yanzu damina ce, a jiƙe nake, ba ni da ɗumin da zan ba wani. Amma ke kina da shi. Shekara arba'in kina yagar naman jikina kina sawa a wuta, ban taɓa ce miki don me ba. Wutar nan duk tana hannunki. Ga saiwa nan a gefenki wadda ba ta da amfanin komai. Ki tura hannayenki cikina a gindinta har wuyan hannu, ki bar su daga yanzu har rana ta faɗi. Zan zuƙe ɗumin in zuba mata. Wadda ta sha ruwanta, cikinta zai kwanta, laulayi ba zai sake tayar mata ba."

Marka ta dubi hannayenta. Ta ce, "In an gama, hannun zai dawo yadda yake?"

Ƙasa ta ce, "Kin taɓa ganin abin da na mayar?"

Marka ta daɗe a durƙushe. Ta tuna tuluna goma sha ɗaya da ta gina suna shan iska a tsakar gida ba a gasa ba. Ta tuna ba ta da gona, ba ta da ɗa namiji, hannun nan shi ne abincinta. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne wankan jego, don tun Ayashe tana yarinya take ƙiyasta ranar da za ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa ta yi mata da kanta.

Ƙasa ta ce, "Abu guda zan ƙara miki. In kika cire kafin rana ta faɗi, abin da ya shiga ya shiga, wanda ya rage kuma ba zai amfane ki ba."

Marka ta ajiye ƙoƙon. Ta yi bismilla ta tura hannayenta cikin laka.

Da farko ba ta ji komai ba sai sanyin yumɓu da ta saba da shi. Can sai ta ji kamar ana zare zare daga kan yatsunta, a hankali, ba zafi. Ƙaramin yatsa ne ya fara mutuwa, ta motsa shi ta ji babu. Rana ta take tsaka. Cinnaku suka hau ƙafafunta suna cizo, ba hannun korewa. Aka yi yayyafi ya jiƙa mata baya, ya ɗauke, rana ta sake buɗewa. Gwiwoyinta suka sage, ta kifa goshi a ƙasa tana ƙirga numfashi. Zuwa la'asar yatsu bakwai sun tafi, sanyi ya fara hawa tafin hannu.

Rana ta yi ja, saura kamar tsawon taɓarya biyu ta taɓa kan itatuwa, sai Marka ta ji kuka ya tashi daga cikin ƙauye. Ta ɗaga kai ta saurara. Kukan mata ne, irin wanda ta sani sarai, kuma daga wajen gidanta yake. A cikin muryoyin ta tsinci ta Tabawa.

Ƙasa ta ce, "Saura kaɗan. Ki zauna."

Marka ta ce, "In ta mutu, me zan yi da magani?"

Ƙasa ta ce, "In ba ta mutu ba fa?"

Marka ta cije leɓe ta zauna. Ta yi numfashi goma, ta yi ashirin. Sai ta ji ana ƙwala kiran sunanta, ana cewa a nemo uwarta. Sau shida a rayuwarta tana riƙe da ɗanta lokacin da rai ya fita, ta kuwa kasa jure tunanin ta bakwai ta tafi ba ta kusa. Ta tattara ƙarfinta ta fizge hannayenta. Ta ji wani abu ya kakkarye a cikin ƙasa kamar busasshen kara.

Ba ta tsaya dubawa ba, ta ruga gida. Ta tarar da mata cike da tsakar gida, ta kutsa ɗaki. Ayashe tana kwance, an yayyafa mata ruwa, idonta a buɗe. Suma ta yi, ta daɗe ba ta farfaɗo ba har aka ɗauka ta cika.

Ta ce da ƙyar, "Inna, ina kika je?"

Marka ta kai hannu za ta shafa mata goshi, sai a lokacin ta ga abin da ya rage mata. Hannayen sun yi fari-fari kamar toka, yatsun sun lanƙwashe sun ƙandare. Ta yi sauri ta cusa su cikin zane. Ta waiga ƙofa, ta ga hasken rana har yanzu yana kan katanga.

Tun da Nomau ya auri 'yarta, Marka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Ranar nan ta fita ta same shi a zaure ta ce, "Nomau, ɗauko fartanya ka biyo ni."

Suka isa bakin rami. Ta durƙusa ta ce, "Ƙasa, na dawo. Ga hannun, ki ƙarasa." Shiru. Ta sake faɗa, ta tura dungulmin hannun cikin laka, ba abin da ta ji. Daga ranar Ƙasa ba ta sake tanka mata ba.

Ta nuna wa Nomau wurin da haɓarta, ya tona. Abin da ya fito ba dunƙulalliyar saiwar da ya sani ba ce. Ta yi tafi, ta yi yatsu, sai dai ba su cika ba: waɗansu gajeru, waɗansu a karye. Ya ɓalli ɗaya, wani ƙamshi mai yaji ya bugi hancinsa har ya yi atishawa. Ya dubi saiwar, ya dubi hannun surukarsa da ya fito daga zane. Fartanyar ta faɗi daga hannunsa.

Ta ce, "Kada ka gaya mata. Ɗauki mu tafi."

A gida ta tsaya a kansa tana faɗa yana yi. Ya kankare bayan, ya daddaka kaɗan, ya tafasa a ƙaramar tukunya, ya tace, ya matsa lemun tsami ya ɗiga zuma. Ta ce a bari ya huce, kuma kada a ba ta da yawa, kurɓi ɗaya a jira, sannan a ƙara. Tabawa ta tallafo kan Ayashe ta ba ta. Duk suka zuba ido ga kaskon da ke gefen gado. Aka jima, aka ƙara kurɓi. Aka jima, aka ƙara. Ayashe ta ce tana jin ɗumi yana sauka a ƙirjinta, daga nan barci ya ɗauke ta.

Da safe ta yi amai, amma sau ɗaya. Da hantsi ta sha kunu rabin ludayi ya zauna. Laulayin bai tafi ba, kullum sai ya taɓa ta, sai dai ya daina hana ta ci. Marka kaɗai ta san dalilin da ya sa maganin ya tsaya a rabi.

Kwana biyar ana ɓoye wa Ayashe. Aka ce mata uwarta ta ƙone ne a wurin gashin tukwane. Amma ita ta san wuta ba ta cin hannun nan. Ranar da ta fara iya fitowa tsakar gida, ta tarar da Tabawa tana ba uwarta tuwo a baki, ga kuma saiwar a kan faifai. Ta ɗauka ta juya ta. Akwai wani babban yatsa a jiki da ya karkace waje, daidai yadda na uwarta ya karkace saboda shekarun murza bakin tulu. Ta matsa wa mijinta da tambaya har ya faɗa mata.

Daga nan ta ƙi sha. Kwana biyu ana kawowa tana kau da kai, aman ya dawo kamar da. A rana ta uku Marka ta shigo ta zauna a bakin gado, Nomau na biye da ƙoƙo.

Ayashe ta ce, "Hannunki zan sha, Inna? Wa ya ce ki yi? Da kin tambaye ni da ban yarda ba."

Marka ta ce, "Shi ya sa ban tambaye ki ba."

"Da me za ki ci abinci? Wa zai ɗaura miki zane?"

"Ke. In kin rayu."

Ayashe ta juya fuska ga bango tana kuka. Marka ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta fito da hannayen ta ɗora su a cinyarta inda za a gani.

Ta ce, "Dube su da kyau. Ko kin sha ko ba ki sha ba, sun tafi. Abin da ya rage shi ne ko in rasa su kaɗai, ko in rasa su in rasa ki. Ki zaɓar mini."

Ayashe ta karɓi ƙoƙon. Tana sha hawaye na zuba a ciki.

Ruwan ƙarshen damina ya narkar da tulunan nan goma sha ɗaya a inda suke, don ba wanda ya iya gasa su, Marka kuma ta hana a taɓa. Da bazara Ayashe ta haifi 'ya mace lafiyayya. Tabawa ce ta yi wankan jego, Marka tana zaune a kan turmi tana cewa ruwan bai yi zafi ba, a ƙara itace. Da aka wanke jaririyar aka ɗora mata a cinya, ta daɗe tana kallonta. Sai ta ɗaga hannu ta ɗora a kan cikin jaririyar. Yarinyar ta zabura ta tsala kuka saboda sanyi. Marka ta janye hannun, ta ce a ɗauke ta a ba uwarta. Ba ta sake taɓa jikarta da hannu ba. In tana so, sai ta sunkuya ta goga mata kumatu.

Nomau ya yayyanka sauran saiwar ya dasa a fadama, duk inda ya sa ta sai ta fito da yatsu da yaji. Labari ya bazu, mata suka riƙa zuwa daga ƙauyuka suna roƙa wa 'ya'yansu da ƙannensu. Marka ba ta hana kowa, sai dai takan ce, "Zai rage mata, ba zai raba ta da shi ba. A ba ta kaɗan-kaɗan." Da yawa sun samu sauƙi, suka dawo da godiya, wasu da ƙwaryar gero.

A shekara ta biyu aka kawo wata yarinya daga nesa a kan jaki, laulayinta ya fi na Ayashe tsanani. Aka dafa aka ba ta, ya zauna kwana ɗaya, ya dawo. Aka sake, ya dawo. A kwana na huɗu ta rasu a zauren gidan Marka, uwarta na riƙe da ita. Da aka tafi da gawar, Marka ta zauna tana kallon yamma har rana ta faɗi. Ayashe ta kawo mata tuwo, ta kau da kai.

Marka ta ce, "Taɓarya biyu ya rage. Da na zauna, da yarinyar nan tana gidansu."

Ayashe ta ce, "Inna, kukan da ake yi mini kika ji. Wace uwa ce za ta zauna?"

Marka ta ce, "Na sani. Ko yau aka sake, tashi zan yi. Wannan ne ya fi damuna."

Daga ranar ta rage ci, ta rage magana. Ba ta ga wata daminar ba. Matan da suka yi mata wanka sun ce sun yi ƙoƙarin miƙar da yatsunta kafin a sa ta a likkafani, suka ƙi miƙuwa, haka aka kai ta.

Shi ya sa har yau citta take da yatsu, kuma duk gonar da kuka tona ba za ku sami mai biyar cikakku ba, sai gajeru da karyayyu. Zafin da kuke ji a harshe, wutar gashin tukwane ce ta shekara arba'in. Shi ya sa kuma in an dafa wa mai ciki takan ji sauƙi, ta ci ɗan abinci ya zauna, amma gobe da safe sai ta sake neman kasko, wadda nata ya yi tsanani kuwa dole a ɗauke ta a kai asibiti. Maganin rabi ne, don uwar ta ji ana kukan 'yarta tun rana ba ta faɗi ba.